Kwaɗon Malam Sallau

Duk Kakuri babu wanda bai san labarin kunnen Malam Sallau ba, don shi da kansa yake yi masa shela. Wai ko sauro ne ya gifta, zai faɗa maka mace ce ko namiji. A falonsa akwai wasu tsofaffin sifiku biyu, faffaɗa, sirara, kamar an jingine ƙyauren taga. Wani Bature injiniya ne ya bar masa su, tun masaƙa tana masaƙa.

"Waɗannan ba irin tarkacenku ba ne," haka yake ce mana kullum a majalisa. "Wata 'yar fata ce a ciki, ta fi ɓawon albasa siranta, wuta ke kaɗa ta. Shi ya sa kowace da filoginta. Ba wuta, ba magana! Amma in suka buɗe baki, har numfashin mai goge sai ka ji."

Mu kuwa sai gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Ran nan Tanimu mai shagon waya ya gaji. "Baba, cika baki ya isa haka. Ranar Asabar zan kawo tawa ta zamani a gwada. In taka ta fi, na rufe bakina har abada. In tawa ta fi, ka sauka daga kujerar tsakiya."

"Yaro man kaza!" in ji Malam Sallau. "Allah ya kai mu."

Ya faɗa da ƙarfi, amma ƙarfin hali ne kawai. Kujerar nan shekara da shekaru yake kanta, shi ake fara miƙa wa shayi. Abin da ba mu sani ba, tun tsakiyar damina laima ta shiga sifikun, wani kyankyaso ya kutsa kai, ji kake tas! Ƙauri ya tashi. Tun daga ranar shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Sai dabara ta faɗo masa. Ya lallaɓa kicin, ya ɗauke 'yar sifikar da matarsa Hajiya ke jin wa'azi da ita, ya ɓoye ta a bayan allon tsohuwar sifikar dama, ya haɗa ta da wayar aljihunsa.

Asabar bayan la'asar falo ya cika maƙil. Tanimu ya ajiye tasa, 'yar baƙa kamar gwangwanin madara, ya kunna. Malam Sallau ya toshe kunnuwa.

"Kashe! Kashe! Wannan ai kwaɗo ne ya faɗa rijiya. Ina zaƙi? Ina taushi?"

Ya miƙe da ƙasaita, ya soka filogi biyu a bango, ya ɗora faifan garmaho yana juyawa, ya zura hannu cikin babbar riga ya latsa waya. Goge ya tashi. Ya koma ya kishingiɗa, ya lumshe ido.

Wallahi mu ma duk mun rufta. Malam Jatau, ɗan majalisarmu, har da share ƙwalla: "Kai, kayan zamanin da ba ƙarya!" Tanimu ya fara naɗe wayar cajinsa.

Sai ɗif! Aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya. Ƙwan fitila ya mutu. Faifai ya ja ƙafa, ya tsaya cak. Goge kuwa ko gezau, sai ma ƙara tashi yake. Muka kalli juna. Malam Sallau ido a rufe, kai na rangaji.

"Kun ji ikon wuta ko? Wuta ce zalla take magana!"

"Baba," in ji Tanimu a hankali, "wace wutar?"

Ya buɗe ido ɗaya, ya ga fanka. Ya buɗe na biyu, ya ga faifai. Gumi ya keto masa. Ya shiga lalube a aljihu zai kashe, sai ya ƙure ƙarar. Tanimu ya bi sauti ya zagaya bayan allo, ya fito da 'yar sifika, ya ajiye ta kusa da tasa. Tagwaye! Har kalarsu ɗaya.

"Af, ai ni na sayar wa Hajiya wannan," in ji Tanimu.

Malam Sallau ya cire hula ya share fuska. "To... dama ni ma tun ɗazu na ji kamar muryar ta ɗan canja."

Sai ga murya daga bayan labule: "Malam, in kwaɗon naka ya gama kuka, a miƙo min abina. Wa'azi zan ji, kan masu ƙarya."