Yaƙin Kwalbar Haladu Mai Fura

Da sunan Mai ɗaukaka wanda Ya so, a saurara a ji waƙi'ar Haladu ɗan Jatau, jikan Barmo wanda aka ce ya taɓa korar kura da ludayi. Sadaukin ƙwarya, barden nono, shugaban masu dama fura na Unguwar Maƙera, wanda ba a taɓa jin ya ja da baya ba sai in mai nono ta ƙara kuɗi.

A shekarar da gudawa da amai suka yi wa unguwar ƙawanya, rundunar duba-gari ta sauka. Suka tsallake kwatar da ke malala gefen rijiya, ba wanda ya dube ta, suka garƙame shagon Haladu. Hukuncinsu shi ne ba za a buɗe ba sai ɗakin gwaji ya tabbatar babu ƙwayar cutar a cikin Haladu. Suka ba shi 'yar kwalba mai cokali a murfi, da sharaɗi guda: abin da ya fito ya isa asibiti kafin awa biyu.

Da hantsi gwarzon ya shiga bayan gida, ya yi gumurzu, ya fito da ganima. Saboda tsananin kunya ya naɗe ta a leda bakwai, ya riƙe da hagu, ya ɓoye ƙarƙashin babbar riga.

"Yau ko ni ko su!" ya ce da matarsa, ya fita.

Kaico, hanyar asibiti ta ƙofar gidan surukinsa ta bi, ga dattijon zaune da majalisarsa. Jarumi ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwan bana, aka yi ta'aziyyar wani da ya rasu bara, sannan aka koma kan gajiya.

"Ina aka nufa haka da sauri?" in ji dattijon.

"Babu ko'ina, Baba."

"To zauna mana."

Ya zauna. Wane ne zai faɗa wa surukinsa abin da ke ƙarƙashin rigarsa?

Bayan ya kuɓuta, ya ratsa sansanin liman, ya keta dakarun masu shayi, kowa da haƙƙin gaisuwarsa, har Allah Ya kai shi tagar ɗakin gwaji. Nan ya tarar da Malama Asabe, dattijuwa mai farar riga da safar hannu, nan kuma babbar fitina ta auku. Miƙa wa babba abu da hagu rashin tarbiyya ne. Taɓa wannan kaya da dama, hannun dama fura, abin ƙyama ne. Sadauki ya tsaya yana gumi, hannuwansa biyu suna shawara.

"Bawan Allah, ɗora a farantin nan," in ji ta. "Ƙarfe nawa aka yi shi?"

"Tara, ranki ya daɗe."

Ta dubi agogo. Ana kiran azahar. Ta jefa ganimar cikin kwandon shara, ta miƙo masa sabuwar kwalba.

"Gobe a sake. Ka hau babur."

Shagon ya ƙara kwana a kulle, nonon ranar kuwa akuyoyin maƙwabta suka sha.