Yadda Sabi'u Ya Kai wa Surukarsa Hari

Da sunan Allah muke farawa, sannan mu kawo nasabar gwarzon. Shi ne Sabi'u ɗan Tanimu, ɗan Barau wanda ya taɓa sa liman dariya ana tsakiyar ɗaurin aure, tsatson mutanen da ba a gayyata biki amma ba a watsewa sai sun ci. Sabi'u Sadaukin Barkwanci, annobar majalisa, dodon masu furfura, ma'abocin shirin "A Riƙe Ciki" na gidan talabijin ɗin garinmu!

A shekarar da wannan al'amari ya auku, fari ya sauka a ƙwaƙwalwar Sadauki, domin ya riga ya kwaikwayi duk mai numfashi, tun daga mai unguwa da mai shayi har zuwa gurguwar agwagwar maƙwabta. Jama'a kuwa sun yi hankali. Da ya doso majalisa sai baki ya mutu, mai ɗingishi ya miƙe, mai tari ya haɗiye abinsa. Sai Manaja Gambo na gidan talabijin ɗin, sarkin kujera mai juyawa, ya yi shela cewa in Juma'a ta zo babu sabon wasa, za a miƙa filin ga mai tallar maganin basir.

Sadauki ya shiga halwa a ƙarƙashin darbejiya, ya hallaka rundunar gyaɗa, ya yi tafakkuri har hularsa ta karkace. Nan ilhama ta faɗo masa, ta zo da tsoro a goye. Birni ɗaya ya rage bai ci ba: surukarsa Hajiya Tasalla, wadda in za ta yi waya sai ta riƙe ta a gaban baki kamar ƙosai, ta kwarara gaisuwa har maƙwabta su riƙa amsawa ta katanga.

Matarsa Hansatu ta aiko da gargaɗi daga madafa: "Wallahi in ka taɓa Inna, ka nemi mai tuƙa maka tuwo!"

Ga kuma babbar ganuwa, wato kunya, don tun da ya yi aure bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar Hajiya ba. Saboda haka ya fita leƙen asiri, ya yi kwanton ɓauna a bayan tankin ruwanta, inda dakarun sauro suka yi masa ƙawanya, zakaran gidan ya kai masa farmaki ta baya, shi kuwa ya daure har ya haddace gaisuwar tun daga jikoki zuwa tumaki.

Ranar Juma'a ya yi ɗamara da zane, ya yafa mayafi, ya zare waya, ya fuskanci kyamara ya yi kururuwa: "Kana jina? Ina gajiya? Ya tinkiyar nan mai zawo?"

Gari ya girgiza. An ce wani dattijo ya faɗo daga benci, an ce shayi ya fito wa wani ta hanci. Sadauki ya koma gida yana taƙama, ya tarar da tukunya a kife.

Washegari Hajiya Tasalla ta dira a gidan talabijin cikin Keke Napep, ta kutsa ofishin Manaja, Sabi'u na durƙushe a bakin ƙofa, takalma a hannu.

"Ƙarya yaron nan ya yi min!" ta ce. "Ni ban taɓa tambayar tinkiya kafin na gaida uwar gida ba. Ka ga yadda nake yi!"

Ta zaro wayarta ta gwada. Gilashin taga ya amsa, masu gadi suka ce lafiya lau daga bakin titi, Manaja Gambo ya sulale daga kujerarsa mai juyawa yana neman ruwa. Da ya farfaɗo, ya share hawaye, ya ce bai ga dalilin sayen jabu ba alhali ga na asali.

Haka aka ceci filin, amma aka naɗa Hajiya a kansa. Har yau Sadaukin Barkwanci yana nan cikin shirin. Shi ke riƙe mata makirufo, a durƙushe, kansa a sunkuye, kuma in ta ba da dariya ba shi da ikon yi.