Ranar da Na Shanya Jita a Gidan Surukina

Ko tsufa zai kwashe min komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shanya jita ba. E, shanya na ce, kamar yadda ake shanya wanki. Kuma a gidan surukina na tafka wannan abin kunyar, a Unguwar Shanu, ranar walimar auren ƙanwar matata.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Ni mutum ne mai fara abu da zafi ya watsar. Na fara kiwon kaji, na fara kiwon kifi (ramin yana nan a bayan gida, sauro ke morar sa), na sayi littafin koyon Faransanci na tsaya a shafi na tara. Surukina kuwa, Alhaji Tanimu, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da fayil bai taɓa kwana a teburinsa ba. Bai taɓa gaya min baƙar magana ba. Sai dai duk sanda na je gaishe shi da labarin sabuwar dabara, zai gyara zaman gilashinsa ya ce Allah ya sa a gama lafiya. Wallahi addu'ar nan ta fi zagi yi min ciwo. Babban burina shi ne in gama abu ɗaya tak a gaban idon mutumin nan.

Tun ina makaranta nake ɗan taɓa jita. Wata rana na karanta a intanet cewa akwai wata bishiya ta ƙasashen sanyi, Daglas fa ake ce mata, katakonta ba nauyi ga ƙarfi, in aka yi fuskar jita da shi muryarta kan fita tas. Shi ke nan, ciwona ya tashi. Asabar uku ina yawo a Babbar Kasuwa kafin in same shi wurin wani mai sayar da fasassun akwatunan da ake shigo da injuna a ciki. Ga sunan nan an buga a jiki, katakon ja-ja, layukansa a miƙe kamar na littafin rubutu. Mai kayan ya tambaye ni ko kejin kaji zan haɗa. Na ɗaure fuska, don ya taɓa min tsohon miki.

Na kwashi katakona sai Rafin Guza, wurin Malam Sabo kafinta. Gadaje da kujeru ne sana'arsa, amma ya yarda ya ba ni gefen shagonsa duk ƙarshen mako. Wata bakwai muka yi. Na yanka, na kankare, na goga samfefa har yatsuna suka daina buɗe wayata (gaskiya dai, duk inda aikin ya yi wuya Malam Sabo ne ke karɓa, ni kuma in tsaya a kansa ina ba da shawara). Ranar da muka ɗaura tsirkiya shida na kaɗa, sai da na ji ƙwalla. Malam Sabo ya nuna min wasu layuka masu duhu a fuskar jitar, ya ce ƙaro ne kwance a ciki, katakon ƙasar sanyi ne, kada in kuskura in bar ta a rana. Na ce to, to, alhali hankalina yana kan hoton da nake ɗauka in tura wa abokai.

Ga inda matsalar take. Na tashi a hannun kawuna, makaɗin garaya a wani ƙauye kusa da Zariya. Kawu ba ya taɓa fara kiɗa sai ya jingine garayarsa a rana, fatar ta ɗame, muryar ta buɗe. Da wannan na girma. A kaina, duk abin kiɗa rana yake so.

Ranar walima, ana tsakiyar zafin Afrilu, na riga na cika dangi da labari cewa zan yi wa ango da amarya kiɗa da jitar da na ƙera da hannuna. Da hantsi na gwada ta, sai na ji kamar muryar ta dushe. Yanzu na san tsoro ne ya toshe min kunne. Na ɗauke ta na kwantar a kan rufin motata, baƙar mota, tun kafin azahar. Matata ta leƙo ta ce, "Baban Nana, jitarka fa tana rana." Na ce mata na sani, murya nake buɗe mata, ta bar wa masu abu abinsu. Ta kalle ni, ta koma wajen tukwanenta.

Bayan la'asar aka kira ni gaban rumfa. Alhaji yana kujerar gaba, tsofaffin abokan aikinsa sun sa shi a tsakiya. Ina sanye da babbar riga ta farar shadda, sabuwa dal. Na ɗauko jitar, zafinta kamar an sauke ta daga murhu, ga wani ƙamshi yana tashi, har wani dattijo ya tambayi wane turare na sa. Maimakon in yi zargin wani abu, sai na tsaya na yi musu lacca a kan Daglas fa, da tsaunukan da take tsirowa, da yadda masana ke yabonta. Sunan Malam Sabo ko sau ɗaya bai fito daga bakina ba.

Na zauna, na ɗora hannun riga a kan fuskar jitar, na kaɗa. Wallahi ta yi daɗi. Na sake kaɗawa, na ga Alhaji ya gyara gilashi. A na uku sai ji na yi ƙas! Ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin a fuskar jitar ya ɓalle, don gam ɗin ya narke. Ya yi tsalle da wayoyinsa ya doke min hula, hular ta gangara ta tsaya daidai ƙafar surukina.

Na miƙe zan ajiye jitar in ɗauko hulata, jita ta ce ba inda za ta. Ƙaron ya tsattsafo ya kama hannun rigata gam. Na ja, ta biyo ni. Haka na durƙusa gaban Alhaji, kai ba hula, jita tana reto a jikin riga, tsirkiyoyi shida suna jan ƙasa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya ɗauki hular ya kaɗe ta. Ya taɓa jitar, ya janye hannu da sauri, ya tambayi me ya sa take zafi haka. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, shanya ta na yi." Wani daga cikin dattawan ya ce ashe garaya na ɗauke ta. Nan fa rumfa ta kece da dariya, har mata suna leƙowa daga cikin gida.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ɗora min hular a ka da hannunsa ya ce, "Sau biyu na ji muryarta da kunnena. Wannan kam ka gama ta. Je ka gyaro, ka kawo min in ji sauran."

Washegari na kai wa Malam Sabo ita da rigar a manne. Bai ce ai na gaya maka ba, kallo kawai ya yi min, kuma na gwammace ya faɗa. Mako uku muka yi muna gyara, ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Na je na yi wa Alhaji kiɗan a falonsa, labule a sauke, na kuma gaya masa sunan wanda ya yi rabin aikin.

Abin da na koya shi ne, in kafinta yana magana ka ajiye waya, kuma dabarar Kawu ta fata ce, ba ta katako ba. Alhaji ya daina yi min addu'ar nan tasa. Yanzu duk sanda na durƙusa gaishe shi, sai ya leƙa sama ya ce rana ta yi kyau yau, ko na fito da jitar?