Yadda Za Ka Zama Farfesa da Matan Ƙauyenmu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji shida na tsaya, kuma ko a gidan biki ni ce mai zama bayan ƙyaure. Amma da idona na ga mutum ya zo ƙauyenmu, nan kusa da Runka, yana Dakta, ya koma ya zama Farfesan ilimin zamantakewa, kuma hotona ne a bangon littafinsa. Don haka na san hanyar. In ka bi ta, na yi maka alkawari, shekara biyu ma ta yi yawa.

Mataki na 1: Nemi garin da ba sabis

A ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai a kan dutsen bayan gari. Kullum da hantsi mata sukan hau, kowace ta ɗaga wayarta iya tsawon hannu, don ta ji mijinta ko ɗanta da ke Legas, ko Aljeriya, ko Makka. In sabis ya ɗauke, a ja tsaki tare. In ya dawo, a rangaɗa guɗa.

Kai kuma tsaya daga nesa, cikin mota, kamar yadda Dakta Nu'uman ya yi. Kada ka yi saurin matsowa. Wanda ya matso zai gane abin da ake yi, wanda ya gane kuwa ba shi da abin rubutawa.

Mataki na 2: Raɗa wa abin suna

Mata arba'in, hannuwa a sama, fuska a murtuke. Ɗauki hoto, ka rubuta a ƙasa: "Boren matan karkara kan dunƙulewar duniya." Ka gama rabin aiki.

Mataki na 3: Naɗa shugaba

Wadda ta fi kowa yin sama ita ce shugaba. Ni ce. Wayata tsohuwa ce, da roba aka ɗaure batirin, sai na kai ƙololuwa take kamawa. Duk Juma'a Yaya Armaya'u yake kira daga Aljeriya, ni in saurara, in sauko in kawo wa Inna labari, don gwiwoyinta sun daina hawa. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa tambayata lafiyarsa ba. Amma ranar Juma'a ba ta sa komai a baki sai na dawo.

Kai duk wannan bai shafe ka ba. Rubuta "jagora" kawai.

Mataki na 4: Yi hira da wadda ba ta magana

Dakta ya zauna a kan tabarma a zaurenmu, ya ajiye na'urar ɗaukar murya a gabana.

"Malama Mahfuza, yaushe kuka fara gwagwarmaya?"

Na sunkuyar da kai. Ya cika shafi biyu.

"Wane saƙo gare ki zuwa ga manyan ƙasashen duniya?"

Na ja mayafi na rufe fuska.

"Allahu Akbar," in ji shi. "Ko kallonsu ta ƙi yi."

Gwaggo Saude, ƙanwar babanmu, ta kasa haƙuri. "Ɗan nan, wai mece ce wannan dunƙulewar da kake ta faɗi?"

"Gwaggo, ai duniya ce ta zama ƙauye ɗaya."

"To madalla. Wane ne mai unguwar? A ce masa ya gyara hanyar Safana. Mu kuma sabis muke nema a dutse, ba wani abu ba."

In ka gamu da irinta, kada gabanka ya faɗi. Rubuta cewa tsoro ya sa tsofaffi suna ɓoye manufar ƙungiya. Ka sani, mai magana ɓata bincike take yi. Mai shiru kuwa, duk abin da ka sa a bakinta zai zauna.

Mataki na 5: Hau jirgi

Kai hoton ƙasashen da ba su san dutsen ba. Za a tafa maka, a ba ka Farfesa. Sai dai ka kiyayi rediyon Hausa. Nan Farfesa ya yi mana aika-aika. Mai unguwarmu yana tsakiyar kasuwar Batsari yana taya akuya ya ji a rediyo wai matan garinsa shekara uku suna bore, shi bai sani ba. Bai sayi akuyar ba. Yana dawowa ya sa aka yi shela cewa daga ranar ba macen da za ta ƙara hawa dutse.

Juma'a uku ke nan ban ji Yaya ba. Tuwon Inna yadda na kai shi haka nake ɗaukowa.

Mataki na 6: Kada ka koma

Gwaggo ta hau babur har Safana ta kira shi. "Farfesa, zo ka gaya wa mai unguwa kuskure ka yi. An hana mu dutse."

"An hana ku? Da bakinsa? Alhamdulillahi, hukuma ta murƙushe su! Gwaggo, wannan littafi na biyu ne."

Koyi da shi. Duk abin da ya sami mutanenka, babi ne.

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya zama Farfesa, shi da Allah. In wata Gwaggo ta tare shi da muciya a bakin gari, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, ni ko magana ba na yi.

Nan na tsaya da rubutun nan ranar Alhamis. Washegari da sassafe na ɗauki mayafi na nufi ƙofar mai unguwa, ban gaya wa kowa ba. Ina waiwayawa na ga mata sun fi arba'in a bayana. Ya fito, na durƙusa, na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe mana dutse. Inna ba ta cin abinci."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "Wa ya yi magana?"

"Mahfuza ce," in ji Gwaggo.

"Ashe tana da murya?" Ya daɗe yana ƙirga mu da ido. "To ku hau. Amma kada in ga hannun kowa ya wuce kanta."

Sai muka koma gida kowace ta ɗauko taɓarya, ta ɗaure waya a saman taɓaryar. Da hantsi muna kan dutse, taɓare arba'in a tsaye, hannuwa daidai ƙirji. Na ƙure ƙarar tawa kafin in ɗaga. Can sai muryar Yaya ta faɗo daga sama: "Mahfuza! Lafiya kuwa? Ina Inna?"

Ban sani ba ashe Inna ta biyo mu. Tana zaune a rabin dutsen tana haki, ta ba mu baya, wai ciyawar akuya take nema. Ba ta juyo ba.

"Ce wa yaron nan ya riƙa cin abinci," in ji ta.