Man Dubu Biyar Zuwa Figil

"Lafiya lau, amarya. Yau ma mijinki bai ga ruwan wanka ba."

"Wane mijin? Tun bara nake cewa ka sake ni, Kaka, ka maƙale."

Alhaji Mailafiya ke nan da jikarsa Ummuhani, a ƙofar gidansa a Garwa, za su Figil suna, ragon yana ɗaure a bayan mota. Tafiyar ba ta banza ba ce. 'Ya'yan Alhaji sun daɗe suna neman karɓe makullin motar, wai tsufa ya kama shi, aka ƙare a kan cewa in aka sake zuwa ɗauko shi a hanya, shi da tuƙi sun rabu.

Allurar man motar ta mutu tun Ummuhani tana goye, amma ko a jikin Alhaji, shi da kuɗi yake awo. Sefa dubu biyar, Figil ke nan. Sai dai ya yi watanni yana jinyar ido, a cikinsu Najeriya ta janye tallafin mai, sai zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga can ana sayarwa a kwalabe, ya yi tashin gwauron zabi. Da suka tsaya wurin mai sayar da man, mutumin naka ya miƙa kuɗi ta taga, ya ce a zuba na kullum, ya juya yana gaisawa da jama'a. Kwalba nawa aka juye, bai ko kalla ba.

"Kaka, mai fa ya yi tsada," in ji Ummuhani.

"Ga masu sayen lita. Ni tunda nake na dubu biyar nake sha, tsadar ba ta shafe ni ba."

Sun wuce Pitowa da nisa, babu gida gaba babu gida baya, motar ta yi tari ta mutu. Alhaji ya murɗa makulli, shiru. Ya fito ya karyo kara, ya zura a tanki, ya zaro shi a bushe ƙarau. Ya tsaya baki buɗe.

"Innalillahi. An sace mini mai ina cikin mota."

"Rago ne ya shanye, na ji ƙarar maƙogwaronsa."

"Ke ce. Nauyinki ne ya cinye shi. Kakarki da 'ya'ya huɗu na kai Figil da dubu biyar."

"Lokacin kana da haƙora."

"Haƙorana na nan."

"Suna nan a kofi, na gan su da safe. Ka san yau dubu biyar ko rabin man da ba ta sayowa?"

"Rabi? Wa ya yanke wannan ba a faɗa mini ba?"

"An aiko maka, kana barci."

Alhaji ya zauna a kan dutse, ya cire hula. Rago ya yi kuka. Ummuhani ta ciro waya tana juya ta a hannu.

"Bari in kira Baba Sulaimanu ya zo ya kwashi tsohonsa."

"Ajiye wayar nan. Ki ajiye, in yi miki lefe akwati goma."

"Mai lefen da ba ya iya ciyar da mota?"

"To, na sake ki."

"Alhamdulillahi. Yanzu sai in kira da hujja, ba na zama a daji da wanda ba muharramina ba."

"Na mayar da ke."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya dubi motar, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ummu, in suka karɓe ta, sai dai a riƙa ɗauka ta ana ajiyewa kamar buhun gero."

Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta bari ya gani ba. Ta buɗe ƙofar baya, ta yaye zanen da ya rufe ƙasan kujera, sai ga jarka cike da fetur. Alhaji ya miƙe tsaye ba sanda.

"Wannan daga ina?"

"Jiya na saya. Na san mijin da nake aure."

"Kina da shi kika bar ni ina zargin rago?"

"Ni ka zarga. Rago ni na zarge shi."

Ta juye man, ya riƙe mata mazurari. Da suka gama ya nufi mazaunin direba, sai ya tsaya. Motar nan ko Sulaimanu bai taɓa zama a gaban sitiyarinta ba.

"Permin tuƙin nan naki, na gaske ne ko na kasuwa?"

"Ya girmi idonka na dama, wanda aka gyara."

Alhaji ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya damƙa mata makullin, ya zagaya ya zauna a gefe.

"Ja mu je. In mun isa ki ce ni na tuƙo."

"In aka tambaye ni man nawa muka sha fa?"

"Ki ce na dubu biyar, da abin da matata ta ƙara."