Yadda Za Ka Mayar Da Fanshonka Azurfa, Matarka Na Kallo

Kai da ka ajiye aiki, matso kusa. Bi matakan nan yadda maƙwabcina Eckhard ya bi su a nan garin Wuppertal na ƙasar Jamus, na ba ka tabbaci babu ɓarawon da zai iya ɗaukar dukiyarka. Kai ma ba za ka iya ba.

1. Ɗebo kuɗin da aka riga aka yi wa buri

Kada ka taɓa kuɗin giyarka. Su Eckhard a hawa na huɗu suke, gidan babu lifta, gwiwoyin matarsa Waltraud kuwa sun gama yawo. Duk abin da suka tara na sayen ɗan gida ne a ƙasa, inda za ta buɗe ƙofa ta taka titi. To, irin wannan kuɗin nake nufi.

2. Haddace magana ɗaya

"Masana'antu na yunwar azurfa." Iyakar ilimin ke nan. Allon sola na cin ta, motar lantarki na cin ta, har wayar jikanka. Yi ta faɗa a teburin 'yan fansho a mashaya. In abokinka Dietmar ya ce, "To in sun ƙoshi fa, gwani?" ka ce hassada ce.

3. Sanar da uwargida bayan ka saya

Ranar Lahadi ta fi, lokacin kofi da kek. Waltraud ta ajiye cokali ta ce, "Eckhard, ƙarfe ka saya da ƙafafuna?"

"Ba ƙarfe ba ne, masoyiyata, makoma ce."

"Makomar ce za ta goya ni zuwa kantin burodi?"

Kada ka amsa. Ƙara kek.

4. Nema wa dukiya masauki

Azurfa ba zinariya ba ce da za ka cusa a safa, nauyi gare ta kamar buhun dankali. Akwati ɗaya Eckhard ya hau da shi, bayansa ya ce ƙas! Sauran sai ɗakin ajiya na ƙasa. Ya share, ya shimfiɗa kafet, ya hana danshi shiga don kada ta yi baƙi. Ka ga adalci, wani dai a gidan ya samu wurin da babu matakala.

5. In farashi ya faɗi, zargi injiniyoyi

Marasa kunya! Da azurfa ta yi tsada sai suka koyi shafa ta a allon sola kamar bota a gidan marowaci, wasu har suna gwada jan ƙarfe a madadinta. Kada ka sayar, domin dillalin da ya rungume ka ranar saye ya manta sunanka. Ce wa kowa harkar ta dogon zango ce. Wa ya kai ɗan shekara saba'in lokaci?

6. Yi haƙuri da ƙorafi

Tun Kirsimeti Waltraud ba ta sauko ba. Eckhard na ƙasa yana goge sandunan azurfarsa, ita tana taga tana kallon ƙawayenta suna wucewa kasuwa. Wallahi ban son ɗaga kai in na zo wucewa. Rannan ta leƙo ta ƙwala masa kira: "Eckhard! Ranar da masu ɗaukar gawa suka zo sauko da ni, ka ce su biya da ni ɗakin azurfar nan naka. Ina so in ga gidan da ka saya mini."

Gargaɗi: babu ruwan marubuci da ciwon baya, faɗuwar farashi, ko shirun teburin Lahadi. Ni shawara kawai na ba Eckhard. Kuɗina na banki, kuma a ƙasa nake zaune.