Mai Neman Aure da Ƙoƙon Tsoho Amaro

Wani ne, sunansa ya kwanta mini, shekarar ma ta bi shi. Abin da na riƙe dai a Rosal aka yi, can inda kogin Miño ke shiga teku, kuma mutumin malamin makaranta ne, irin masu karatun da ko gaisuwa sai sun duba littafi.

Ya ga Sabela, 'yar tsoho Amaro mai gonar inabi, ya ce duniya sai ita. Shi kuwa tsoho yana da ƙa'ida: duk mai neman 'yarsa sai ya kurɓi farar giyar gidan, ya faɗi irin inabin da aka haɗa a ciki, da abincin da ya dace da ita. Samari biyu sun riga sun faɗi, har ana yi musu waƙa a kasuwa.

Malam ya kwashe wata guda yana hadda. Inabin albariño ke ba da ƙarfi, na loureira ƙamshi, na treixadura laushi. Ya kuma karanta cewa inabin bakin teku yakan zo da ɗan gishiri-gishiri. Wannan ya ja masa layi har biyu.

Ran Lahadi ya sa kwat ɗin aro ya tafi. Tsoho ya dube shi sama da ƙasa.

"Zauna a kicin, malam. Bari in ɗebo daga ganga."

Yana zama sai ga farin ƙoƙon tangaran a kan tebur, irin wanda muke shan giya da shi, cike da ruwa mai ɗan duhu-duhu, sak giyar gida da ba a tace ba. Ya waiga, ba kowa. Ya ce a ransa satar amsa ba ta taɓa kashe ɗalibi ba. Ya kurɓa. Gishiri ya doke shi har ƙeya, hawaye ya zubo. Ya ce lallai littafi bai yi ƙarya ba. Ya ƙara. Yashi ya yi masa ƙaras a haƙori, ya ce wannan ƙasar gonar ce.

Tsoho ya shigo da tulu, Sabela da uwarta na biye.

"Baba, huta, na riga na ɗanɗana," in ji malam, ya miƙe kamar yana gaban aji. "Albariño kashi bakwai, loureira biyu, treixadura ɗaya. Kurangar inabin kuwa tana fuskantar teku."

Tsoho ya dubi ƙoƙon, ya dubi matarsa. Ita ta sa bakin zane ta toshe baki.

"To, da wane abinci za a sha ta?"

"Katantanwar teku, baba. Ai ita da katantanwa kamar tare suka tashi."

"Nan ka yi gaskiya," in ji tsoho. "Tun da safe suke kwance a cikin ruwan gishirin nan suna amayar da yashi. Yanzu aka kwashe su."

Malam ya nemi ƙofa, sai ya faɗa ɗakin ganguna. Aka fito da shi. Hularsa ma sai washegari aka aika masa.

Daga nan labarin ya yanke mini. Na daɗe ina tunanin ko an ba shi yarinyar. Shekaranjiya ina rubutun nan na leƙa kicin na tambayi mai ɗakina, tunda ita ba ta mantuwa. Ko juyowa ba ta yi ba.

"An ba shi mana. Baba cewa ya yi, wanda ya yabi ruwan katantanwa ba zai taɓa kushe girkina ba."